Ƙuri'ar Jin Ra'ayin Jama'a Kan Gwamnati da Tattalin Arziki: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar zaɓe ya ƙarato, ko gwamnati ta cika shekara a kan mulki, sai alƙaluma su cika kafafen yaɗa labarai: kashi kaza sun gamsu da shugaba, kashi kaza sun ce tsadar rayuwa ce ta fi damunsu. Wanda alƙaluman suka yi wa daɗi ya rungume su, wanda suka ɓata wa rai ya ce shaci-faɗi ne. Mun tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa kan wannan aiki, muka sa musu lamba domin a riƙa komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Mece ce ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, kuma me ya raba ta da zaɓe?

Bincike ne da ake zaɓo wasu mutane kaɗan bisa ƙa'ida, a yi musu tambayoyi iri ɗaya, da lafazi ɗaya, a jere ɗaya, sannan a ƙiyasta ra'ayin al'umma baki ɗaya daga amsoshinsu. Mutanen da aka zaɓo su ake kira samfuri. Zaɓe yana ƙirga waɗanda suka fita suka kaɗa ƙuri'a a ranar zaɓe, shi kuwa wannan bincike yana auna abin da ke ran mutane a kwanakin da aka yi tambayar kaɗai. Amfaninsa mafi girma ma a tsakanin zaɓe da zaɓe yake, domin shekaru huɗu ko biyar lokaci ne mai tsawo, kuma ba wata hanya mai tsari da mai mulki zai ji muryar talakan da ba ya rubutu a jarida, ba ya kuma zuwa taron manema labarai.

2. Ta yaya mutum 1,000 za su wakilci mutum miliyan 50?

Likita ba ya zuƙe jinin jiki duka kafin ya gano cuta, ɗan abin da ya ɗiba ya ishe shi, saboda jini a gauraye yake ko'ina a jiki. Sharaɗin samfuri ke nan: kowane mutum a ƙasa ya zama yana da damar a zaɓo shi, kuma ƙuri'a ce za ta zaɓo, ba son ran mai bincike ba. In wannan ya tabbata, girman ƙasar ba ya canza lissafi sosai. Mutum 1,000 da aka zaɓo da kyau suna ba da daidaito kusan iri ɗaya a ƙasa mai mutum miliyan 5 da mai miliyan 200.

Abin da ya faru a Amurka a 1936 shi ake koyar da ɗalibai har gobe. Mujallar Literary Digest ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, aka dawo mata da kimanin miliyan 2.4, ta ce Alf Landon zai ci zaɓe da kashi 57 cikin ɗari. Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta samo sunaye ne daga littattafan lambobin waya, da rajistar motoci, da jerin masu sayenta, a lokacin da karayar tattalin arziki ta sa masu waya da mota suka zama masu hali, kuma waɗanda suka fi jin haushin gwamnati su suka fi zaƙuwa su mayar da takardar. Mai binciken ra'ayin jama'a George Gallup, da samfurin da bai kama ƙafar nata ba, ya faɗi wanda zai ci daidai.

3. Ni ba a taɓa tambayata ba, ban kuma san wanda aka taɓa tambaya ba. Ba ƙirƙirar amsoshin ake yi ba?

Lissafi ne kawai. A ƙasa mai manya miliyan 50, binciken mutum 1,200 yana taɓa mutum ɗaya cikin kusan 42,000. Ko da a kowace shekara ana yin irinsa 20, yawancin mutane za su tsufa ba a ƙwanƙwasa musu ƙofa ba. Ƙirƙirar amsoshi tana faruwa, amma alamominta daban ne, kuma an kawo su a tambaya ta 4 da ta 17.

4. A aikace, ya ake zaɓo mutanen?

Mu ɗauki tsarin Afrobarometer, cibiyar da ke gudanar da irin wannan bincike a Afirka tun 1999, a ƙasashe sama da 30, da samfurin mutum 1,200 zuwa 2,400 a kowace ƙasa. Da farko ana raba ƙasa bisa jihohi ko larduna, da birni da karkara, a ba kowane ɓangare kaso daidai da yawan jama'arsa a ƙidaya. Daga nan kwamfuta ta zaɓo ƙananan yankunan ƙidaya ba tare da sa hannun kowa ba. Yawanci mutum 8 ake tattaunawa da su a kowane yanki, wato yankuna 150 ga samfurin 1,200. A cikin yankin ana fitar da wurin farawa, mai tambaya ya riƙa ƙirga gidaje yana tsallake adadin da aka gindaya masa. In ya shiga gida sai ya rubuta sunayen 'yan shekara 18 zuwa sama, ƙuri'a ta fitar da mutum ɗaya. Ana yin karɓa-karɓa, wannan gida namiji, na gaba mace.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne idan wanda ƙuri'a ta fitar ba ya gida. Ƙa'ida ita ce a dawo a neme shi, in bai samu ba a sauya gidan gaba ɗaya. Malalacin ma'aikaci sai ya kama duk wanda ya tarar a ƙofa, samfuri ya cika da masu zaman gida, 'yan kasuwa da ma'aikata su ɓace. Wani ma ya zauna a inuwa ya cika takardun da kansa. Shi ya sa cibiyoyin kirki ke amfani da na'urar da ke nuna wuri da tsawon kowace hira, mai duba aiki kuma ya koma wasu gidajen ya tabbatar an zo. Hirar da ya kamata ta ci minti 45 in ta ƙare a minti 9, an san akwai lauje cikin naɗi.

5. Mene ne "tazarar kuskure" da ake rubutawa a ƙasan sakamako?

Ita ce iyakar da sakamako zai iya kaucewa saboda wasu aka tambaya ba kowa ba. Ga mutum 100 tazarar ta kai kusan maki 10 sama ko ƙasa, ga 400 maki 5, ga 1,000 maki 3, ga 2,400 maki 2. Kafin a raba tazarar biyu sai an ninka samfuri sau huɗu, dalilin da ya sa yawancin cibiyoyi ke tsayawa tsakanin 1,000 da 2,500. In aka ce kashi 48 sun gamsu da gwamnati, tazara maki 3, ma'anarsa ainihin adadin yana tsakanin 45 da 51, kuma ko wannan da tabbacin sau 19 cikin 20 ne.

Abubuwa uku masu karatu ke mantawa. Ratar da ke tsakanin 'yan takara biyu tana da kuskure kusan ninki biyu, don haka 46 da 43 a samfurin 1,000 kankankan ne, ba wanda za a ce yana kan gaba. Na biyu, tazarar da aka buga ta samfurin duka ce. In aka ware matasan wani yanki su 90 aka ce "kashi 70 na matasa sun juya wa gwamnati baya", kuskuren wannan adadi ya kai kusan maki 10. Na uku kuma shi ya fi muhimmanci: tazarar ba ta ƙunshi ɓarnar mummunar tambaya, ko tsoro, ko waɗanda suka ƙi amsawa ba. Duba tambaya ta 7, ta 14 da ta 15.

6. Tsakanin waya, intanet da ido da ido, wanne ya fi inganci?

Kowanne da wanda yake barin baya. Ido da ido ya fi tsada da cin lokaci, amma shi ke kai wa ga wanda ba shi da waya ko bai yi karatu ba, sai dai ba ya shiga yankunan da rikici ya hana zuwa, kuma ya kamata rahoto ya faɗi wuraren da aka tsallake. Waya ta fi sauri, amma inda maza da 'yan birni suka fi mallakarta, muryar matan karkara tana raguwa. Ko a ƙasashen da kowa ke da waya mutane sun daina ɗauka: cibiyar Pew ta ce masu amsa bincikenta na waya sun faɗo daga kashi 36 cikin ɗari a 1997 zuwa kashi 6 a 2018.

Ƙuri'ar da ake liƙawa a Facebook ko X, kowa ya latsa, ba ta cikin wannan lissafi ko kaɗan, ko da mutum dubu 500 suka amsa. Mutane ne suka kawo kansu, magoya baya na iya yin gangami, mutum ɗaya na iya amsawa da shafuka goma. Cutar Literary Digest ce ta tambaya ta 2.

7. Na ji ana cewa an "daidaita" sakamako. Ba maguɗi ba ne?

A'a, gyara ne na dole, matuƙar an bayyana yadda aka yi shi. A ce masu digiri kashi 20 ne na al'umma, amma suka zama kashi 40 na waɗanda suka amsa. Sai a ƙirga amsar kowane mai digiri a matsayin rabi, ta kowane marar digiri a matsayin ɗaya da sulusi, rabon ya koma yadda yake a ƙasa. Haka ake yi wa jinsi, shekaru da yanki. A zaɓen Amurka na 2016, bincike da dama na jihohi ba su daidaita matakin ilimi ba, masu digiri suka yi yawa a samfuri, goyon bayan Donald Trump a Wisconsin, Michigan da Pennsylvania ya ɓuya musu.

Gyaran yana da iyaka. Yana dogara da ƙidaya, kuma in ƙidayar ta tsufa, ma'aunin kansa ya karkace. In kuma aka samu dattijan karkara 15 kacal inda ya kamata a samu 100, aka ninka muryar kowannensu kusan sau bakwai, ra'ayin mutum biyu ko uku zai iya juya sakamako.

8. Ya ake gano abin da ya fi damun masu zaɓe?

Hanya biyu ce, kuma sakamakonsu ba ya zama ɗaya. Ta farko a bar mutum ya faɗa da bakinsa: "Wace matsala ce mafi girma da ke fuskantar ƙasar nan?" Cibiyar Gallup ta Amurka na yin irin wannan tambaya tun 1935. Afrobarometer na karɓar amsa har uku daga mutum ɗaya, shi ya sa in ka tara alƙalumanta suke wuce 100, kuma rashin aikin yi ya daɗe yana sahun gaba a jimillar ƙasashen da take aiki. Hanya ta biyu a karanta wa mutum jeri ya zaɓa, ko a tambaye shi muhimmancin kowanne.

Buɗaɗɗiyar tambaya tana kamo abin da ke bakin mutane a wannan makon, don haka labarai na tasiri a kanta: hari ɗaya mai muni zai ɗaga tsaro sama na ɗan lokaci. Jeri kuma yana tuna wa mutum abin da bai yi niyyar faɗa ba, kuma kusan kowa zai ce ilimi da lafiya "suna da matuƙar muhimmanci" in an ambata masa su. Sai a kula da yadda aka harhaɗa amsoshi. In aka rarraba tsadar kaya, rashin aiki, albashi da talauci gida huɗu, tsaro na iya fitowa na ɗaya, in aka haɗe su ƙarƙashin tattalin arziki sai su yi masa fintinkau. Kanun labari biyu masu karo da juna na iya fitowa daga tebur ɗaya.

9. Matsalar da ta zo ta ɗaya ita ce mutane za su yi zaɓe a kanta?

Ba lallai ba. Mutum na iya cewa rashin aiki ne babbar matsala, amma yana ganin duk 'yan takarar ba mai iya magance ta, sai ya yi zaɓe bisa jam'iyya, yanki, addini ko amincewa da halin ɗan takara. Matsala tana motsa ƙuri'a ne idan abu uku suka haɗu: ta dami mutum, ya ɗora alhakinta a kan wani takamaimai, ya kuma ga wanda yake zaton zai fi. Saboda haka bincike mai kyau ba ya tsayawa a jerin matsaloli, yana biyo da "wa kake ganin zai fi iya magance ta?" da "laifin wa ne?" A ƙasashen tarayya tambayar laifi tana da nauyi na musamman, domin mutane kan ɗora wa shugaban ƙasa abin da ke hannun gwamna ko ƙaramar hukuma.

10. Ya ake auna gamsuwa da aikin gwamnati, kuma me ya sa take hawa da sauka?

Akwai tambaya ta dunƙule, ko ka gamsu da yadda shugaba ke gudanar da aikinsa, akwai kuma ta fanni-fanni: farashi, samar da aiki, tsaro, lafiya, wutar lantarki, yaƙi da cin hanci. Ta fanni-fanni ta fi faɗin gaskiya. Sau da yawa shugaba na da farin jini a dunƙule alhali gwamnatinsa ta faɗi warwas a kan farashi, kuma wannan giɓi gargaɗi ne cewa mutane na yi masa uzuri ne na ɗan lokaci.

Sabuwar gwamnati kan fara da farin jini mai yawa, ya riƙa zaizayewa yayin da alkawura ke haɗuwa da zahiri. Yaƙi ko babban bala'i kan sa jama'a su taru bayan shugaba, amma abin ba ya daɗewa. George W. Bush ya tashi daga kashi 51 zuwa 90 a ma'aunin Gallup bayan harin 11 ga Satumba 2001, ya sauko har 25 a 2008. Mahaifinsa ya kai 89 bayan yaƙin Tekun Fasha a farkon 1991, ya faɗo zuwa 29 a tsakiyar 1992 da tattalin arziki ya yi sanyi, ya sha kaye a hannun Bill Clinton a watan Nuwamba. Adadi guda ɗaya ba ya gaya maka komai sai ka san inda ya fito da inda ya nufa, a hannun cibiya ɗaya, da tambaya ɗaya.

11. Gaskiya ne tattalin arziki ke yanke hukuncin zaɓe?

Yana da nauyi sosai, musamman ga gwamnati mai ci, kuma masu zaɓe sun fi hukunta lalacewa fiye da yadda suke saka wa gyara. Shekarar 2024 ta nuna haka a fili, bayan tashin farashin da ya biyo annobar korona da yaƙin Yukren. A Ghana, inda hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disamba 2022, jam'iyya mai mulki ta faɗi, tsohon shugaba John Mahama ya dawo. A Botswana, kasuwar lu'ulu'u ta faɗi, jam'iyyar BDP ta rasa mulkin da ta riƙe shekara 58. A Afirka ta Kudu ANC ta samu kusan kashi 40, ta rasa rinjaye karon farko tun 1994. A Birtaniya da Amurka ma masu mulki sun sha kaye.

Duk da haka kowanne daga cikin waɗannan zaɓuɓɓuka na da nasa ƙarin dalilai, irin su cin hanci, katsewar lantarki da rabuwar jam'iyya. Bincike ya kuma nuna masu zaɓe sun fi auna watannin ƙarshe kafin zaɓe fiye da wa'adin gaba ɗaya, abin da ke jan gwamnatoci su buɗe bakin aljihu a shekarar zaɓe. Ƙarfin tasirin yana raguwa inda gwamnatin haɗaka ce, ba a san takamaiman mai laifi ba, ko inda biyayyar yanki da jam'iyya ta yi kauri, kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 9.

12. Gwamnati ta ce hauhawar farashi ta sauka, tattalin arziki na bunƙasa, amma jama'a sun ce abin sai ƙara muni yake. Wa ke ƙarya?

Yana yiwuwa ba mai ƙarya a cikinsu, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba. Saukar hauhawar farashi na nufin gudun tashin ya ragu, farashin kansa bai sauko ba. Kayan da ake saya 100, in hauhawa ta kai kashi 30 sun koma 130. Shekara mai zuwa hauhawa ta sauka zuwa kashi 20, sun koma 156. In albashin mutum ya ƙaru da kashi 10 kowace shekara, daga 100 ya koma 121, wato ya rasa sama da kashi ɗaya cikin biyar na abin da kuɗinsa ke iya saya, a daidai lokacin da ake sanar da shi an samu sauƙi. Jami'i yana kwatanta bana da bara, magidanci yana kwatanta yau da farashin da ya saba da shi shekaru uku baya.

Haka bunƙasar tattalin arziki. In abin da ƙasa ke samarwa ya ƙaru da kashi 3, jama'a kuma suka ƙaru da kashi 2.5, rabon kowane mutum da kyar ya motsa. In bunƙasar daga mai, ma'adinai ko bankuna ta fito, fannonin da ba sa ɗaukar ma'aikata da yawa, mafi yawan gidaje ba za su gan ta ba. Ma'aunin farashi kuma matsakaici ne na kaya da hidimomi masu yawa, alhali talaka na kashe mafi yawan abin da ya samu a kan abinci, sufuri da haya, don haka hauhawar da yake ji a jikinsa na iya zarce ta hukuma nesa.

A ganinmu kuskure ne babba gwamnati ta ɗauki wannan giɓi a matsayin rashin fahimtar jama'a da za a gyara da wayar da kai. Jiki magayi. Afrobarometer na da tambayoyin da ke auna wannan kai tsaye: sau nawa a shekarar da ta wuce kai ko iyalinka kuka rasa isasshen abinci, ruwa mai tsabta, magani, makamashin girki, ko kuɗin shiga? Amsoshin irin waɗannan tambayoyi shaida ce da ya kamata a ajiye gefe da gefe da alƙaluman hukumar ƙididdiga.

13. Me ya sa mutum zai ce shi lafiya lau yake, amma ƙasa ta lalace?

Wannan giɓi sananne ne a ƙasashe da dama. Halin gidansa mutum ya san shi da idonsa, halin ƙasa kuwa daga labarai da hirar jama'a yake jin sa. Masana siyasa tun ƙarshen shekarun 1970 suka lura cewa ra'ayin mutum kan tattalin arzikin ƙasa ya fi hasashen ƙuri'arsa fiye da halin aljihunsa. Amma a yi hattara, wani lokaci siyasar ce ke rina amsar. A ma'aunin Jami'ar Michigan na ƙwarin gwiwar masu saye a Amurka, da zarar mulki ya sauya hannu sai magoya bayan wanda ya ci su fara ganin haske, na wanda ya faɗi su fara ganin duhu, tun kafin sabuwar gwamnati ta taɓa komai. Shi ya sa ake so a ga sakamako a rarrabe bisa jam'iyya, a kuma fi sa ido kan waɗanda ba su da jam'iyya.

14. Yadda aka tsara tambaya na iya canza sakamako?

Ƙwarai, fiye da tazarar kuskure nesa ba kusa ba. "Kana goyon bayan cire tallafi domin a gina asibitoci?" da "Kana goyon bayan cire tallafi ko da farashin sufuri zai ninka?" manufa ɗaya suke tambaya, amma ba za su taɓa ba da adadi ɗaya ba. Tambayar da ta haɗa abu biyu, kamar "tsaro da tattalin arziki", ba a san wanne aka amsa ba. Jerin tambayoyi ma na aiki: in aka fara da tambayoyi goma kan tsada da rashin aiki sannan aka tambayi gamsuwa da shugaba, adadin zai sauka, shi ya sa ake sa tambayar gamsuwa tun farko. In ba a ba da damar cewa "ban sani ba", waɗanda ba su taɓa tunanin batun ba za su zaɓi wani abu don kunya. A ƙasa mai harsuna da yawa, dole a rubuta fassarar tambayoyin tun kafin fita, wani daban ya mayar da ita harshen asali a gwada. In aka bar kowane ma'aikaci ya fassara da ka a bakin ƙofa, tambayoyi hamsin aka yi, ba ɗaya ba.

15. Inda mutane ke tsoron hukuma, za su faɗi gaskiya?

Ba duka ba. Baƙo da na'ura a hannu yana tambayar ra'ayinka kan shugaba, mutane da yawa za su ɗauka gwamnati ce ta aiko shi. Afrobarometer kan rufe hira da tambayar wa mutum ke zaton ya aiko masu binciken, kuma kaso mai yawa kan ce gwamnati, duk da an bayyana musu tun farko cewa ba ita ba ce. Alamomin tsoro a sakamako su ne yawan "ban sani ba" a tambayoyin siyasa kaɗai, da yabon shugaba da ya yi hannun riga da amsoshin fanni-fanni na tambaya ta 10.

Akwai dabarar da ake rage wannan. A raba samfuri gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni na farko a karanta musu abubuwa huɗu marasa haɗari, a ce su faɗi guda nawa suka yarda da su, ba tare da sun faɗi waɗanne ba. Rukuni na biyu a ƙara musu na biyar, wanda shi ake nema, misali "ina goyon bayan shugaba". In matsakaicin rukunin farko 2.1 ne, na biyu 2.5, bambancin 0.4 na nufin kusan kashi 40 ke goyon baya, kuma ba wanda ya tona kansa. Dabarar na buƙatar samfuri babba, domin tazarar kuskurenta ta fi ta tambayar kai tsaye faɗi.

16. To me ya sa hasashen zaɓe ke kuskurewa?

Hasashen zaɓe ya fi auna ra'ayi wahala, domin sai an ƙiyasta wa zai fita. Mutane sun fi cewa za su yi zaɓe fiye da yadda suke fita, kuma inda fitowa ba ta kai rabi ba, ra'ayin jama'a da ra'ayin masu kaɗa ƙuri'a na iya rabuwa. Sai waɗanda ba su yanke shawara ba, da masu sauya ra'ayi a makon ƙarshe. A 1948 masu bincike a Amurka sun daina tambaya makonni kafin zaɓe, suka ba Thomas Dewey nasara, Harry Truman ya ci. A Birtaniya a 2015 an yi hasashen kankankan, jam'iyyar Conservative ta samu rinjaye, kwamitin da ya binciki lamarin ya gano samfuran ne ba su wakilci masu zaɓe ba. A Indiya a 2024 tambayoyin bakin rumfa, wato waɗanda ake yi wa masu zaɓe bayan sun kaɗa ƙuri'a, sun ba ƙawancen Narendra Modi gagarumin rinjaye, jam'iyyarsa ta BJP ta tsaya a kujeru 240, ƙasa da 272 da ake buƙata.

Saɓanin bincike da sakamakon zaɓe shi kaɗai ba hujjar maguɗi ba ne. Abin da ke iya gwada sakamakon hukuma shi ne ƙirgen masu sa ido, inda ake zaɓo samfurin rumfuna a tattara sakamakon da aka sanar a kowacce. Wannan ƙuri'un da aka kaɗa yake ƙirgawa, ba abin da mutane suka ce ba.

17. Me zan duba kafin in yarda da sakamako ko in tura wa wasu?

Wa ya yi binciken, wa ya biya kuɗinsa? Daga wace rana zuwa wace rana? Mutum nawa, ta wace hanya aka same su, a waɗanne harsuna? Su wa aka tambaya: duk manya, masu rajista, ko waɗanda ake sa ran za su fita? Ina ainihin lafazin tambayar, kuma kashi nawa suka ce ba su sani ba? In an cire masu "ban sani ba" aka sake lissafi, 40 da 35 sai su koma 53 da 47. Cibiyar da ta ƙi ba da waɗannan bayanai, ko hoton alƙaluma da ba a samun sa a shafin cibiyar da aka jingina wa, a bar shi inda aka gan shi. Binciken da jam'iyya ta ɗauki nauyi na iya zama sahihi, amma wanda ya yi mata daɗi kaɗai take fitarwa.

In bincike biyu suka saɓa, fara da kwanan wata da lafazin tambaya, yawanci a nan bambancin yake. Kada a kwatanta adadin wata cibiya na bara da na wata cibiya na bana a ce an samu sauyi. Wasu ƙasashe kuma na hana buga sakamako dab da zaɓe, Italiya kwana 15, Faransa jajibiri da ranar zaɓe, kuma a irin wannan lokaci ne alƙaluman bogi suka fi yawo.

18. An kira ni a waya ana son jin ra'ayina. In amsa?

In mai kiran ya faɗi sunan cibiyarsa, da tsawon lokacin da hirar za ta ci, ya kuma tabbatar ba za a haɗa sunanka da amsarka ba, amsawa na da amfani, domin duk rukunin da ya saba ƙin amsawa muryarsa ce ke raguwa a sakamako, kamar yadda aka gani a tambaya ta 7. Kana da damar tsallake kowace tambaya ko ka tsayar da hirar. Za a iya tambayar shekarunka, matakin karatunka da yankinka, saboda daidaita samfuri. Mai bincike na gaskiya ba ya neman lambar asusun banki, lambar katin zaɓe, lambar sirri ko kuɗi. In kuma tambayoyin suka koma irin "za ka zaɓi wane in ka ji cewa ya saci kuɗin jama'a?", aka jero zarge-zarge a kan mutum ɗaya ba tare da an tambayi komai game da kai ba, yaƙin neman zaɓe ne aka sa wa rigar bincike, kana iya kashe wayarka.